Daga Farantin Haarlem zuwa Akwatin Lefe: Mutuwa da Gushewar Duniya a Bugun Zanen Holan da Sawunsa a Iyakar Bagudo

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda masu bugun zane na ƙasar Holan suka riƙa tunatar da jama'arsu mutuwa da gushewar duniya daga wajen 1519 zuwa 1694. Daga nan ta bi sawun sana'ar tasu har inda ta iske mu, wato atamfar da ke ratsa iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin ta ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ƙarfin wancan wa'azi ya samu ne saboda an sauko da shi kasuwa, an ɗora shi a kan abin da ake saye da sayarwa, kuma al'ummar bakin iyakar nan ta daɗe da sanin wannan dabara ta hanyoyinta: waƙar wa'azi, rubutun jikin mota, da tazarar da ke tsakanin akwatin lefe da likkafani.

Gabatarwa



Masu nazarin fasahar Turai suna da wani babi da suke kira vanitas, wato zane-zanen da aka yi don a tuna wa mai kallo cewa zai mutu, kuma abin da ke hannunsa ba nasa ba ne. An fi sanin Holan da wannan babi. Na san wani zai ce me ya haɗa manomin shinkafa na bakin Kwara da mai sassaƙa jan ƙarfe na Haarlem wanda ya rasu shekara ɗari huɗu da suka wuce. Amsar tana cikin akwatin matarsa. Babu gidan da aka taɓa kai lefe a ƙasar Kebbi da ba a san darajar atamfa 'yar Holan ba, kuma wannan atamfa bugu ce, da gangar jan ƙarfe aka buga ta, jikar wancan faranti ce ta wajen sana'a. Zan fara da farantin, domin sai an san abin da ya faɗa kafin a gane abin da ya rage daga maganarsa lokacin da ya iso mana.

Faranti, tawada da ƙoƙon kai

Yadda ake aikin shi ne, mai zane ya sami farantin jan ƙarfe mai santsi, ya riƙa yankar layuka a kansa da wani tsinken ƙarfe mai kaifi. Wasu kuma sukan shafe farantin da kakin da sinadari ba ya ci, su zana a kan kakin, sannan su tsoma farantin cikin sinadari mai cin ƙarfe ya zurfafa layukan. Idan an gama sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a matse da injin hannu. Faranti guda yana haifar da ɗaruruwan kwafi kafin layukansa su fara dushewa. A nan muhimmancin abin yake. Zanen fenti guda ɗaya ne tak, yana rataye a gidan attajiri, amma bugun takarda yana iya shiga shagon tela da ɗakin ɗalibi da masaukin baƙi.

Tun wajen 1519 Lucas van Leyden ya buga hoton wani saurayi sanye da hula mai gashin tsuntsu, ya rungumo ƙoƙon kan mutum a cikin mayafinsa yana nuna shi da yatsa. Ado a sama, ƙashi a ƙasa, duk a jiki ɗaya. Amma aikin da ya fi zama abin misali shi ne na Hendrick Goltzius, wanda ya rayu daga 1558 zuwa 1617, ya kuma yi sana'arsa a Haarlem. Wuta ta ƙone masa hannun dama yana jariri, yatsun suka ƙanƙance, kuma da wannan hannu ya zama gwanin gwanaye a zamaninsa. A 1594 ya fitar da bugun da ake kira Quis evadet, tambaya ce da Latin mai nufin wa zai tsira. A ciki akwai yaro ƙarami ɓul-ɓul, ya jingina da ƙoƙon kai kamar matashi, yana hura kumfar sabulu. A gefe guda fure ne ya buɗe, a ɗaya gefen tukunya ce hayaƙi na tashi daga cikinta. Ku lura da zaɓin da ya yi. Da tsoho ya zana, da mai kallo ya ce wannan ai ya ci zamaninsa. Sai ya zana wanda bai ma fara rayuwa ba, ya kewaye shi da abubuwa uku da ba sa jimawa: kumfa, fure, hayaƙi. Yaron ba ya kuka, ba ya tsoro, wasansa yake yi. A ganina wannan rashin damuwa na yaron shi ne ya fi komai tayar da hankali a hoton, domin halin mai kallon ne aka zana.

A 1610 Willem Swanenburgh ya buga hoton zauren fiɗa na jami'ar Leiden, inda ake koya wa ɗaliban likitanci sassan jikin mutum. A kewayen zauren ƙwarangwal ne a tsaye, na mutane da na dabbobi, wasu riƙe da tutoci masu ɗauke da kalmomin tunatarwa game da mutuwa, ga kuma masu kuɗi maza da mata suna zagayawa suna kallo cikin ado. A 1639 Rembrandt ya buga wani ƙaramin zane: saurayi da budurwa cikin kayan ƙawa sun yi kiciɓis da ƙwarangwal yana fitowa daga kabari, riƙe da agogon yashi. Shi kansa Rembrandt ya binne 'ya'ya uku suna jarirai, ya binne matarsa Saskia a 1642, ya karye a 1656 aka yi gwanjon kayansa, ya binne ɗansa Titus a 1668, sannan ya bi shi a 1669. Can ƙarshen ƙarnin, a 1694, Jan Luyken da ɗansa Caspar suka fitar da littafi mai hotunan sana'o'i ɗari, kowace sana'a da 'yar nasiha a ƙarƙashinta, ta yadda mai gasa burodi da masaƙi da mai haƙar kabari kowa zai ga lahirarsa a cikin aikin hannunsa.

Akwai kuma wata siffa da take yawan fitowa a zane-zanen wannan yanki, wadda ba za ta zama baƙuwa ga Bahaushe ba. Mace ce kyakkyawa, ta sha ado, a kanta an ɗora ƙwallon duniya, maza na rububinta. Ita ce Duniya. Wanda ya taɓa jin an ce duniya budurwar wawa ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan hoto.

Me ya sa abin ya yi ƙarfi a Holan a daidai wannan lokaci? Dalilai uku nake gani, kuma suna cuɗe da juna. A 1566 masu bore suka farfasa gumaka da hotunan coci-coci, daga baya mabiya tafarkin Calvin suka bar majami'unsu fayau, sai hoto ya bar wurin ibada ya koma gida da kasuwa. A 1585 birnin Antwerp ya faɗa hannun Sifaniyawa, masu sana'a da 'yan kasuwa suka yi ƙaura zuwa arewa, Haarlem da Amsterdam suka cika da gwanaye da jari. Sannan ga annoba tana kai-komo: ta yi ɓarna a Leiden a 1635, a Haarlem a 1636, a Amsterdam kuma ta kashe mutum sama da 24,000 a shekarar 1664 kaɗai. Dukiya na shigowa ta tashar jiragen ruwa, gawa na fita ta ƙofar gari. Kamfanin cinikin Gabas da aka kafa a 1602 yana kawo barkono da kanumfari da alharini, kuma mutanen da suka yi arziki da wannan ciniki su ne masu sayen hoton ƙoƙon kai. A watan Fabrairu na 1637 cinikin furen tulif, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, ya rushe a Haarlem cikin 'yan kwanaki, nan da nan masu bugu suka fitar da zane-zanen da ke nuna wautar masu cinikin, aka kuma saye su.

Ba zan wuce wannan shekara ba tare da faɗin wani abu mai nauyi ba. A cikin 1637 ɗin nan ne kamfanin Holan na cinikin Yamma ya ƙwace ganuwar Elmina daga hannun Fotugis, a gaɓar ƙasar Ghana ta yau, ta zama babbar ma'ajiyar bayi. Hannun da ke liƙa hoton kumfa a bango yana iya zama shi ne ke sa hannu a takardar jigilar mutane. Tunatarwa ba ta hana zalunci da kanta. Mu ma ba mu da bakin yi musu gori, domin a garuruwan da ake rera waƙoƙin tsoron lahira a ƙarni na 19 akwai kasuwannin da ake sayar da 'yan Adam. Duk wanda zai yi nazarin irin wannan fasaha, tasu ko tamu, dole ya riƙe wannan a ransa, kada daɗin baiti ko kyan layi ya rufe masa ido.

Hanyar Illo

Bagudo ƙasar ratse ce tun kafin a san kalmar kwastam. Fataken Hausawa masu zuwa Gwanja neman goro sukan ƙetare Kwara ta wajen Illo, su bi ta ƙasar Bargu zuwa Nikki da Djougou har Salaga. Illo kuwa tsohon gari ne na Bargu, ɗan uwan Busa da Nikki. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris ranar 14 ga Yuni 1898 ce ta raba wannan ƙasa, Nikki ta faɗa wa Faransa, Busa da Illo suka faɗa wa Ingila. Layin da aka ja a takarda ya bar dangi ɗaya a ƙasa biyu, ya kuma haifar da sana'ar da har yau ake ci da ita. Daga Tsamiya ana fita zuwa Segbana, daga Lolo kuma Malanville da babbar kasuwarta ba nisa. Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulanin Ka'oje da Hausawa duk suna cin kasuwannin juna.

Yanzu mu koma Haarlem, garin Goltzius. A ƙarni na 19 masaƙun Holan suka so su kwaikwayi rinin hannu na tsibirin Java, wanda ke ƙarƙashin mulkinsu, su yi shi da inji. Wani kamfanin auduga na Haarlem yana cikin waɗanda suka fi ƙwarewa a wannan. Dabarar ita ce a sassaƙa zanen a jikin gangar jan ƙarfe, gangar ta riƙa juyawa tana ɗora ƙaro a fuska biyu na yadin, a tsoma shi a baba, inda ƙaron ya rufe ya ƙi kama rini, sannan a ƙara sauran launuka. Marinan Ƙofar Mata za su gane rabin wannan aiki, Goltzius kuma zai gane ɗaya rabin. Mutanen Java ba su yi na'am da kwaikwayon ba. Wani ɗan kasuwa na Glasgow mai suna Ebenezer Brown Fleming ne ya karkata kayan Haarlem zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a shekarun 1890, aka kuwa karɓe su hannu bibbiyu. Kamfanin Haarlem ya durƙushe a zamanin yaƙin duniya na ɗaya, sana'ar ta ci gaba a Helmond, a masaƙar da Pieter Fentener van Vlissingen ya kafa a 1846, wadda yau ake kira Vlisco.

Najeriya ta yi shekaru da dama tana taƙaita shigo da yadi don kare masaƙun Kaduna da Kano, sai Kwatano da Lome suka zama rumbun atamfar da a zahiri Najeriya aka nufa da ita. Daga tashar jiragen ruwa kaya su hau babbar hanya zuwa arewacin Benin, daga nan 'yan fito su san yadda za su yi da su, ta mota, ta babur, ta kwalekwale. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agusta na 2019 ya tsananta abin, ya ƙara tsadar hanya, bai kashe ta ba. Galibin abin da ke ratsowa yau kwaikwayo ne daga masaƙun Sin, kuma wannan ma ba sabon ciwo ba ne ga masu bugu: a 1595 Goltzius sai da ya nemi takardar kariya daga sarki Rudolf na biyu don a hana masu kwafar aikinsa.

To, wa'azin ya biyo atamfar? A wasu wurare ya biyo, amma ba daga Holan ba. Matan kasuwa na gaɓar teku ne suka raɗa wa zane-zanen suna, suka sa musu ma'ana. Akwai atamfa mai hoton tsuntsu yana tashi a cikin da'ira, wadda a Ghana ake kira da sunan da ke nufin kuɗi na da fukafukai. Akwai mai hoton matakala, wadda Akan suka ɗora wa karin maganarsu mai cewa tsanin mutuwa ba mutum ɗaya ke hawansa ba, ana kuma ɗaura ta a wajen makoki. Mai zanen a Holan ya zana tsuntsu da matakala, mai sayarwa a Kumasi ta mai da su tunatarwa. Idan kuwa atamfar ta iso ƙasar Hausa, yawanci wannan suna yakan tsaya a hanya. Matanmu sun fi kiran atamfa da darajarta da asalinta: Super, Holan, Ingila, Kodebuwa. Tambayar da ake yi a wajen ganin lefe ita ce turmi nawa ne kuma wace iri ce.

Akwati da likkafani

Wani zai ɗauka ke nan saƙon ya mutu a bakin iyaka. Ni ban ga haka ba. Abin da na fahimta shi ne, atamfar ta kawo rabin hoton ne kawai, wato furen da kumfar, al'ada kuma ta riga ta tanadi ɗaya rabin.

Ku dubi rayuwar turmi guda na Holan a gidan Bahaushe. Yana shigowa cikin akwatin lefe, dangin ango mata su kawo, dangin amarya su buɗe a gaban jama'a, a ɗaga shi sama a gani. Sau da yawa ba a ɗinka shi nan take. Yana kwanciya a ƙasan akwati shekara da shekaru, domin dukiya ce, ranar da ciwo ya zo ko kuɗin makaranta ya gagara sai a kira dillaliya a asirce. Idan an ɗinka, na fita biki ne da suna da sallah. Ranar da mijin ya rasu, matar ta ajiye shi tare da sauran kayan ado, ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Ranar da ita ta rasu kuwa, matan da suka yi mata wanka su ne za su naɗe ta da farin yadi wanda babu ko ɗigon zane a jikinsa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi na ƙasar nan, ta nuna an fi so adadin mayafan ya zama mara, uku ko biyar ko bakwai, kuma farin ne abin so. Bayan kwanaki a buɗe akwatin nan a gaban magada, a fito da turamen da ba a taɓa sa wa almakashi ba, a yi musu kuɗi, a raba. Matan da ke zaune a ɗakin sun ga ranar da akwatin ya shigo da guɗa. Babu mai buƙatar a zana masa ƙoƙon kai a wannan zama, kuma a irinsa ne za ka ji wata dattijuwa ta ce likkafani ba shi da aljihu.

Rashin ƙoƙon kai a fasaharmu yana da dalili. Musulmi yana binne mamacinsa da gaggawa, sau da yawa a ranar da ya cika, kuma ba a tone kabari don a tara ƙasusuwa kamar yadda aka saba a maƙabartun coci na Turai, inda ƙarancin fili ya sa ganin ƙashin mutum ya zama ruwan dare. Ga kuma ƙyamar da malamai ke yi wa zana mai rai. Don haka alamar mutuwa a idon Bahaushe ita ce makara, wadda ke jingine a bangon masallaci yana wuce ta sau biyar a yini, da farin yadi, da tudun ƙasa wanda aka kafa wa itace ko fasasshiyar tukunya. Duka ukun ba su da suna a jiki. Makarar da ta ɗauki hakimi ita za ta ɗauki mai gadinsa. A nan ta yi daidai da ƙoƙon kan Goltzius, wanda ba a san ko na wane ne ba, shi ya sa ya zama na kowa.

Kunne da bayan mota

Abin da Holan ta ba ido, ƙasar Hausa kunne ta ba. Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma malaman jihadi sun ɗauki waƙa da Hausa da Fulfulde a matsayin hanyar kai ilimi ga wanda ba ya karanta Larabci. Wa'azi na daga cikin manyan rassan wannan waƙa, kamar yadda Mervyn Hiskett ya nuna a littafinsa na 1975 kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa. Jigoginta sanannu ne: duniya mace ce mayaudariya da ke auren kowa ta kashe shi, sarakunan da suka shuɗe ina suke, ga ranar da za a ɗauke ka a bar ka kai kaɗai da tambaya. Tushensu yana cikin Alƙur'ani, inda aka kwatanta rayuwar duniya da shukar da ruwa ya raya ta yi kore, sannan ta bushe ta zama tattaka. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi ga mamatanta, cikinsu har da ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, kuma jajojinta sun riƙa kai waƙoƙinta ƙauyuka suna koya wa mata. Jaji ita ce injin bugun wancan zamani: baiti ɗaya, bakuna da yawa.

Da injin gaske ya zo, waƙar ta hau shi. An kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, kuma ta wannan gida da magadansa waƙoƙi irin Imfiraji ta Aliyu Namangi suka shiga takarda. Maɗaba'un Kano suka riƙa buga ƙananan littattafan ajami masu arha, waɗanda mai talla ke shimfiɗawa a tabarma ranar kasuwa kusa da mai turare da mai carbi. Makafi kuma suna rera su a tasha, fasinja na cikin mota yana jiran ta cika. Wannan shi ne abin da nake nufi da sauko da wa'azi kasuwa. Bai jira mutum ya je masallaci ba, ya same shi ne a lokacin da yake ƙirga riba.

Rubutun jikin mota shi ne ya fi kusa da bugun Holan a siffa, domin shi ido yake nufa. Duk wanda ya bi bayan manyan motocin da ke hawa gadar Tuga a ƙasar Bagudo ya san irinsa: Duniya labari. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Mai fenti yakan kewaye kalmomin da furanni da tsuntsaye, wani lokaci da zaki ko dawisu. Motar tana ɗauke da shinkafa ko albasa ko dilolin yadi na miliyoyin naira, a goshinta kuma an rubuta cewa duk wannan ba komai ba ne. Mai motar ya biya kuɗi aka rubuta masa, kamar yadda ɗan kasuwar Amsterdam ya biya aka buga masa. Ban ɗauki wannan a matsayin munafunci ba. Direba da matuƙin jirgin ruwa sun fi mu sanin kusancin ajali. Jama'ar Kebbi ba su manta da jirgin da ya nutse a Kwara kusa da Warra a watan Mayu na 2021 ɗauke da mutum fiye da ɗari ba, yawancinsu masu neman abinci ne. Mutumin da sana'arsa ke kan irin wannan hanya, idan ya rubuta duniya labari a motarsa, da kansa yake magana kafin ya yi da na bayansa.

Akwai sabon abu da ya shigo a 'yan shekarun nan wanda ya kamata mu sa wa ido. Yanzu idan mutum ya rasu, kafin a dawo daga maƙabarta hotonsa ya zagaye WhatsApp da Facebook, an rubuta addu'a a ƙasa, wani lokaci a buga shi a sitika a liƙa a gilashin mota ko tankin babur. Niyyar mai kyau ce, roƙon addu'a ne ga mamaci. Amma aikinsa ya bambanta da na makara da na waƙar wa'azi. Waƙar tana cewa kai, hoton yana cewa wane. Mai kallo yana iya tausaya wa wane ya wuce, bai ji an taɓa shi ba. A karo na farko mutuwa ta sami fuska a bugunmu, kuma fuskar ta wani ce.

Abin da ya rage a yi

Bugun Goltzius na 1594 yana nan a Rijksmuseum na Amsterdam da wasu gidajen tarihi, an san shekararsa, an san wanda ya yi shi, duk mai intanet yana iya ganinsa kyauta. Vlisco ma tana da ma'ajiyar zane-zanenta a Helmond. Rubuce-rubucen malaman jihadi sun sami masu kula a Arewa House ta Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da jami'o'inmu. Rubutun mota ne ba shi da gata. Ana sayar da motar, sabon mai ita ya sa a shafe, ko ta yi hatsari a yanka ta a sayar wa 'yan gwangwan. Haka nan bayanin da mata ke riƙe da shi game da turamensu, wane ne na lefe, wane aka gada daga uwa, wane aka sayar a wace shekarar wahala, yana tafiya tare da su.

Ina ba sassan Hausa da na tarihi na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Jami'ar Usmanu Danfodiyo shawarar su tura ɗalibai tashoshin Bagudo da Ka'oje da Illo da Tsamiya da Lolo, su ɗauki hoton kowane rubutu, su rubuta wanda ya zaɓi kalmomin, da mai fentin, da shekarar da aka yi, da abin da ya faru da mai motar har ya zaɓe su. Ɗalibai mata su zauna da dillalai da masu wankan gawa, da izininsu, domin ɗakin rabon gado ba ya buɗuwa ga namiji baƙo. A kuma ƙetara zuwa Segbana da Malanville a yi irin wannan aiki, saboda a can mota ɗaya tana iya ɗaukar Hausa da Dandanci da Faransanci a jiki guda, kuma sai an jera su gefe da gefe za a ga wane harshe direba ke zaɓa idan zai yi maganar kuɗi, wane kuma yake zaɓa idan zai yi maganar ajali.